Kafin Ku Kwafi Kiɗan Mario: Nasiha Ga Matasan Gadarif

Ƙannena maza da mata, kusan duk wanda ɗan allon nan da ake kira Arduino ya faɗa hannunsa, abu biyu yake fara yi da shi. Da farko ya sa 'yar fitila tana kamawa tana mutuwa. Daga nan sai ya jona masa baza, 'yar na'urar nan mai fitar da ƙara, ya sa ta rera kiɗan wasan Mario. A daidai nan ne wani babba kan leƙo ɗaki ya ce gari na fama da ƙishirwa da ɗaukewar wuta, kai kuwa ka zauna kana koya wa ƙarfe kukan sauro. Ba na ganin laifin mai faɗin haka. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, Gadarif ta karɓi mutanen Khartum, ta karɓi na Wad Madani daga Disambar shekarar, ta karɓi na Sinja a 2024. Makarantu da dama suka koma masauki, da yawanku kuka yi watanni ba ku ga allon aji ba. A irin wannan hali duk abin da ba ya kawo abinci wasa ake ganinsa. Duk da haka ina bayanku a kan wannan wasa, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara sanin abin da ke hannunku. A tsakiyar allon Arduino Uno akwai baƙar ƙwaya mai ƙafafu, sunanta ATmega328P. Ita ce 'yar ƙwaƙwalwar, sauran kayan da ke kan allon hidima kawai suke yi mata. Agogonta yana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, tana da wurin ajiye umarni na kilobait 32, da wurin lissafi na kilobait 2 kacal. Hoto ɗaya a wayarku ya ninka wannan sau barkatai. A garin Ivrea na Italiya aka fito da Arduino a 2005, a wata makarantar zane, inda Massimo Banzi da abokan aikinsa suke neman allo mai araha don ɗaliban da ba injiniyoyi ba, suka ɗora a kan aikin wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán. Suka bar zanen allon a buɗe, kowa ya ga dama ya ƙera. Shi ya sa na kamfanonin Sin suka cika kasuwa a farashi mai sauƙi, kuma ba sata ba ne muddin ba su manna sunan asali ba. Idan irinsu kuka samu, kwamfuta ta ƙi ganin allon, kada ku yi saurin cewa ya lalace: yawancinsu suna buƙatar a girka 'yar manhajar CH340 ne. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya rubuta umarni a wayar Android da manhajar ArduinoDroid, ya tura ta igiyar OTG. Wanda ba shi da allon ma gaba ɗaya, shafin Wokwi yana kwaikwayon allo da baza har da sautinta, SimulIDE kuma yana aiki ba intanet.

A wannan shekara ta 2005 ce kuma aka kafa ƙungiyar birnin dijital ta Gadarif tare da haɗin gwiwar Eindhoven ta ƙasar Holan, aka riƙa kawo kwamfutoci garin nan. Na kawo wannan ne don wani dalili: kwamfutocin tebur na wancan zamani, waɗanda suka mutu aka jingine a shagunan masu gyara, galibinsu suna da baza a jikin babban allonsu, wadda ke yin ƙara ɗaya idan an kunna. Ku roƙi mai shago da ladabi, da wuya ya hana. Ana samunta kuma a tsofaffin agogunan hannu masu ƙararrawa da kayan wasan yara. Amma ku nisanci cikin tsohon talabijin da injin ɗumama abinci da inbata, don suna riƙe wutar da ke kisa ko bayan an cire su daga soket.

Baza iri biyu ce, kuma a nan mutane da yawa suke ɓata rana guda a banza. Akwai mai kukan kanta, wadda da zarar ta ji wuta sai ta saki ƙara ɗaya ba sauyi. Wannan ba ta waƙa, duk abin da kuka rubuta murya ɗaya za ta ba ku, a shaƙe. Akwai kuma wadda sai an kaɗa ta, ita ce tamu. Gwajin ba wuya: ku taɓa ƙafafunta biyu da ƙaramin batir. In ta ɗauki dogon kuka, ku ajiye ta don wani aikin. In ta yi ƙas sau ɗaya ta yi shiru, kun dace. Wannan ƙas ɗin shi ne dukan sirrin. A cikin bazar akwai siririn faifai da ke lanƙwasa idan wuta ta shige shi, ya koma idan ta fita, wani da ƙarfin maganaɗisu, wani da ɗabi'ar wasu duwatsu da 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano a 1880. Ka kunna ka kashe sau ɗaya, ka ji ƙas. Ka kunna ka kashe sau 440 a daƙiƙa, kunne ya daina jin ƙas ƙas, ya ji murya guda, wadda makaɗa ke kira la. Ka ninka zuwa 880, ka ji la ɗin dai amma a sama. Ba wani abu ne sauti ba face iska da ake girgizawa, kaurinsa da sirantarsa kuma lissafi ne.

Arduino yana da umarni na musamman da ke yin wannan aiki. Ka rubuta tone(8, 440, 500); ƙafa ta 8 ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa har tsawon rabin daƙiƙa. Shawarata ita ce kada ku taɓa shi a ranar farko. Ku ƙera muryar da hannunku. Ku raba daƙiƙa ɗaya gida 440, kowane kaso ya kama kusan 2273 cikin miliyan na daƙiƙa. Rabinsa 1136. To, ku ce wa ƙafar ta kunna, ta jira 1136 da umarnin delayMicroseconds, ta kashe, ta sake jira 1136, ta maimaita. Za ku ji la ta fito daga layi huɗu da kuka san dalilin kowannensu. Ku rage lambar ku ji murya ta hau, ku ƙara ta ku ji ta sauka. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ya fahimci abin da ke gudana a cikin cajar sola da injin da ake rage wa gudu, don su ma kunnawa da kashewa ne cikin sauri. Bayan haka ku koma ga tone da zuciya ɗaya.

Kafin ku jona komai, ku kula da ƙarfin ƙafa. Kowace ƙafar ƙwayar tana ba da bolt 5, kuma abin da ya dace a ja daga gare ta bai wuce miliyamfa 20 ba, 40 kuwa shi ne bakin halaka. Baza mai maganaɗisu, irin ta kwamfuta, sau da yawa om 16 ne a cikinta. Ku raba 5 da 16 za ku ga tana neman fiye da miliyamfa 300. Ƙafar ba za ta ce uffan ba, za ta yi ta wahala har ranar da ta mutu. Rasista ɗaya ta om 220 a tsakani ta raba gardama. In kuna son ƙara mai ƙarfi, ku sa taransista ta ɗauki nauyin. A garin da sai an yi saƙo mai nisa kafin a samu sabon allo, wannan lissafi na minti ɗaya ba abin rainawa ba ne.

Yanzu ga sharaɗin. Kiɗan Mario yana nan a intanet a rubuce, jerin lambobi biyu, ɗaya na muryoyi ɗaya na tsawonsu. Cikin minti biyar za ka kwafa, ka tura, baza ta rera, abokai su tafa, ka ɗauka a waya ka watsa a WhatsApp. Ban hana ba, akwai daɗi a ciki, kuma yana tabbatar maka cewa wayoyinka a daidai suke. Amma kada ka ruɗi kanka cewa ka koyi wani abu. Na sha ganin matashi da allonsa ke rera kiɗa uku ko huɗu, a ce masa ya rage saurin kiɗan ko ya ɗaga muryar, sai ya tsaya yana kallon lambobi kamar yau ya fara ganinsu. Kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da aka kawo masa aikin da ba wanda ya riga ya rubuta, ranar ce za ta nuna.

Ku dubi mutumin da ya tsara kiɗan da kuke kwafa. Koji Kondo yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da shiga kamfanin Nintendo ba, lokacin da wasan Super Mario Bros. ya fito a Japan a 1985. Na'urar wasan, wadda kwaikwayonta masu kaset ruwan ɗorawa suka cika kasuwannin Afirka daga baya har iyayen wasunku suka buga, muryoyin kiɗa uku kawai take iya fitarwa a lokaci guda, da ta huɗu mai shuuu da ake yin ganga da ita, da wata ta gutsattsarin sauti. Biyu daga cikin ukun nan irin muryar bazarku ce sak, kunnawa da kashewa. Dukan wasan, da hotunansa da matakansa da kiɗansa, kilobait 40 ne. Kuma idan Mario ya yi tsalle, ƙarar tsallen aron ɗaya daga muryoyin kiɗan take yi. A cikin wannan ƙunci Kondo ya yi aiki, yana gwada kiɗan da gudun ɗan mutumin da tsallensa, ya watsar da abin da bai dace da motsin ba. A 2023 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa kiɗan cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa, karo na farko da kiɗan wasan bidiyo ya shiga. Abin koyi a wurinsa shi ne yadda ya san iyakar na'urarsa ciki da bai, ba jerin lambobinsa ba.

Ɗaya kiɗan da ake yawan sa wa baza shi ne na Tetris, wasan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko, ya game duniya a kan Game Boy a 1989. Wannan kiɗa ba don wasa aka yi shi ba. Tsohuwar waƙar mutanen Rasha ce, Korobeiniki, a kan wani ɗan koli da budurwarsa, tun ƙarni na 19. Wani ne ya zauna ya mai da waƙar ƙauye lambobi, yau yara a kowace nahiya suna gunguninta ba su san daga ina ta fito ba.

To, ga aikin da nake ba ku. Ku sa baza ta rera abin da babu shi a intanet. Waƙar daka ta kakarku, ko ta raino, ko ta gaɗa, ko wadda ma'aikata ke yi a gona lokacin yankan riɗi. Kuna da sa'a a nan, don yawancin kiɗan Sudan a kan tsani mai murya biyar yake tafiya, waƙoƙin Hausa na gargajiya da yawa ma haka. Wataƙila wannan kusanci yana cikin abin da ya sauƙaƙa wa A'isha al-Fallatiya, haifaffiyar Kasala wadda iyayenta suka taho daga ƙasar Sakkwato a hanyar hajji, ta rera da Larabci ta rera da Hausa, ta zama mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a rediyon Omdurman a zamanin yaƙin duniya na biyu. Muryoyi biyar ɗin a lamba su ne 262, 294, 330, 392 da 440, sai 523 inda tsanin ke sake farawa. In bazarku ta yi rauni a waɗannan, ku ninka kowace lamba biyu ko huɗu, don ƙananan bazoji sun fi amo a sama.

Yadda za ku yi shi ne ku jona maɓallai biyar, kowanne da muryarsa, allon ya zama abin kiɗa. Ku rera gaɓar farko ta waƙar da baki, ku lalubi maɓallin da ya yi daidai da ita, ku rubuta a takarda. Haka gaɓa bayan gaɓa. Zai yi jinkiri, zai ba da haushi, ƙannenku za su yi muku dariya. Bayan muryoyi sai tsawo. Ku tafa hannu tare da waƙar ku ƙirga tafi nawa ne a minti. In 120 ne, kowane bugu rabin daƙiƙa ke nan, wato 500 a lissafin allo, rabin bugu 250. Kada ku rubuta waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya a jikin waƙar. Ku ajiye tsawon bugu a wuri guda, sauran su zama ninki ko rabinsa, ta yadda sauya lamba ɗaya zai sauya saurin waƙar duka. Za ku kuma tarar cewa idan murya ɗaya ta zo sau biyu a jere, sai su manne su zama doguwa guda. Maganinsa a bar ɗan shiru a ƙarshen kowace, kamar kashi ɗaya cikin goma na tsawonta. Wanda ya kwafa ba zai taɓa sanin dalilin wannan ɗan shirun ba, ga shi kuwa a cikin abin da ya kwafa.

Wani lokaci za ku ji gaɓar da ta faɗa tsakanin maɓallai biyu, ba wannan ba ba wancan ba. Kada ku tilasta mata. Jadawalin muryoyi da ke zuwa da misalan Arduino na tsanin Turai ne, mai matakai 12, kowanne ya ninka na bayansa da 1.0595. Bazar ba ruwanta da wannan jadawali, kowace lamba ka ba ta za ta rera. Kiɗan Masar da Sham yana da muryoyin da ke tsakanin matakan nan, misali 320 da ke tsakanin 311 da 330, wadda fiyano ba ya iya fitarwa. Ku amince da kunnenku, ku matsa lambar sama ko ƙasa har ta zauna.

Akwai gidajen da ba a son kiɗa, kuma ban ce ku yi jayayya da iyaye a kan baza ba. Ga aikin da ya fi wancan zurfi ma, kuma babu waƙa a cikinsa. Hausa harshe ne mai karin sauti: kowace gaɓa tana sama ko tana ƙasa ko tana faɗowa, kuma tana da tsawo ko gajarta. Da wannan ne mai kalangu yake kiran sunan mutum ya waiwayo ba a buɗe baki ba. Ku ɗauki lamba biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, ku sa baza ta ce sannu da zuwa: ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, ta ƙarshen da ɗan tsawo. Ku kira wata tsohuwa ta saurara ba tare da kun gaya mata ba. Da farko zai fito a sandare. Sai kun lura cewa a bakin Bahaushe sama ta biyu ba ta kai ta farko ba, magana gangarowa take yi a hankali har ƙarshen jimla, sannan ku rage lambobin baya kaɗan kaɗan. Gaɓa mai faɗowa kuma sai kun zame daga lamba zuwa lamba cikin ƙananan matakai. Waɗanda Larabci ya fi sauƙi a bakinsu cikinku za su ga dole su koma wurin kaka su ce ta maimaita, ta sake maimaitawa, kuma ban ga asara a wannan ba.

Idan waƙarku ta yi tsawo za ku ci karo da bango. Kowace murya da tsawonta suna cin bait 4, wurin lissafi kuma bait 2048 ne, wato ko ba komai a ciki ba zai ɗauki fiye da murya 512 ba, kuma tun kafin nan allon zai fara shirme ba gargaɗi. A nan za ku koyi kalmar PROGMEM, wadda ke ajiye jerin a babban wurin nan na kilobait 32. Bango na biyu ya fi muhimmanci. Umarnin jira, wato delay, yana daskarar da ƙwaƙwalwar ne gaba ɗaya: muddin tana jira, ba ta jin maɓalli, ba ta duba komai. Ku gwada sa maɓallin da zai tsai da waƙa a tsakiya za ku gani. Mafita ita ce millis, agogon da ke ƙirga lokaci tun daga kunna allo. Maimakon ta yi barci, ƙwaƙwalwar tana zagayawa tana tambaya ko lokacin murya ta gaba ya yi, in bai yi ba ta duba wani aikin ta dawo. Sake rubuta waƙarku ta wannan hanya shi ne mataki mafi wuya a duk abin da na lissafa, kuma shi ne ke raba mai wasa da wanda za a iya ba aiki.

Don kuwa aikin yana nan yana jira. Gadarif gari ne na dawa da riɗi, inda aka fara noman inji a yankin Gadambaliya tun shekarun 1940, gari mai babban rumbun hatsi da kasuwar amfanin gona da ake ji da ita a ƙasar, mai jami'a tun 1994, amma har yau ruwa abin tattali ne, ana janyo shi daga nesa, ana sayen na amalanken jaki. Gidan da famfo ya kawo ruwa cikin dare tanki ya cika ya yi ta zuba har asuba ya yi asarar da ake ji a aljihu. Makunni mai yawo a kan ruwa, da allo, da baza sun isa su tashi mai gida. Mai shagon hatsi zai so sanin lokacin da zafi ya fara tashi a tsakiyar buhuna, don alamar ƙwari ko danshi ce. Ƙaramin ma'auni irin DHT22 yana ba da zafi da laimar iska, amma ku gaya masa gaskiya cewa laimar iska yake aunawa, ba ta cikin ƙwayar dawa ba. A duk waɗannan allon yana sauraro ne yana kuka a lokaci guda, abin da delay ba zai bari ba. Ku ba kowane hali karinsa, na cikar tanki daban, na ƙarewar ruwa daban, don mai barci ya gane ba sai ya tashi ya duba ba. Ku tsaya a bolt 5 na batir ko na cajar waya. Ranar da wani ya ce ku sa allon ya kashe masa injin jan ruwa da kansa, wannan ya shiga wutar gida ta bolt 230, sai ku nemi ƙwararren mai gyaran wuta ya yi jonin, ku kuna gefe riƙe da naku ɓangaren.